Taka, Riƙe, Saki

Fijo ce ta hamsin da tara, ruwan toka,
ta girme ni da damina biyu.
Da kuɗin goro Baba ya saye ta
hannun wani mai shagon yadi a Adum.
Da ya rasu, 'yan'uwa suka raba gida da filaye,
ni aka miƙo mini makulli ɗaya
ɗaure da zaren buhu.

Ranar Laraba, a gangaren Asafo,
na taka birki, ƙafata ta nutse
kamar na taka ruɓaɓɓiyar gwanda.
Mai tallan ayaba ta tsallake kwata,
tire gabas, ɗankwali yamma.
Zagin da ta yi mini da harshen Asante
ban gane rabinsa ba,
amma duka na cancanta.

Sai Suwame Magazin,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
guduma na amsa wa guduma tun asuba.
Boakye ya ɗaga ta a jak, ya kwance taya,
ya buga gangar birki, tsatsa ta zubo
ja wur, kamar garin barkono.
Ya ce, Alhaji, wannan takalmin
ba mai sayar da shi yanzu, ko a Legas.
Faifai za mu sa, na wata 'yar Japan,
in yanka ƙarfe, in huda, in haɗa su aure.

Na ce, to ai ta tashi daga motar Baba.
Ya goge hannu da tsumma, bai dube ni ba.
Ya ce, wadda za ta kashe mutum fa,
ta wa za ta zama?

Kwana huɗu ina zaune kan tsohuwar batir.
Noti guda ya ƙi, sai da aka gasa shi da wuta.
Ramin farko ya kauce da kaurin farce,
aka sake yankan ƙarfe, aka sake kuɗi.
Yaronsa Cindo, ɗan Aboabo,
yana kawo mini koko da ƙosai
yana cinye ƙosan a hanya.

Rana ta biyar Boakye ya shige ƙarƙashi
da sifana da kwalbar da ba kowa a ciki.
Ya ce, hau, iska za mu fitar.
Taka!
Na taka.
Riƙe!
Na riƙe, cinyata na rawa.
Saki!
Kumfa na fita ta bututu ɗaya bayan ɗaya,
kamar tsohuwa na ajiyar zuciya,
har feda ta taso ta tokare tafin ƙafata
tana cewa, ga ni.

Abin da ban gaya wa Boakye ba:
Baba sau uku yake takawa.
Na farko tambaya, na biyu roƙo,
na uku ne motar ke amsawa.
Tun daga masallacin kwana yake fara tsayawa
in zai sauka a ƙofar gida.
Haka yake da ciniki, haka yake da fushi.
Ban taɓa ganin ya tsaya farat ɗaya ba
sai ranar da zuciyarsa ta yi.

Da yamma na kamo hanyar Asawase.
Daidai masallacin kwana
ƙafata ta yi abin da ta gada.
Taku ɗaya, motar ta kafe,
hulata ta faɗa kan sitiyari,
toro-toro a baya ya danna ham.
Saura taku biyu a ƙafata,
ban san inda zan kai su ba.

Gangunan nan biyu ban bar wa 'yan gwangwan ba.
Ɗaya Hajiya Ladidi ta zuba wa gawayi
tana gasa masara.
Ɗayar tana ƙarƙashin gadona.
Ba ta da amfani. Nauyi gare ta.